Yaushe Aka Rubuta Warƙoƙin Birmingham?

A ɗakin karatu na Jami'ar Birmingham ta Ingila akwai wasu warƙoƙi biyu na fata, ɗauke da ayoyi daga Suratul Kahfi da Maryam da Ɗaha. Sun yi shekaru masu yawa haɗe da wani Mus'hafi daban, ba wanda ya kula, cikin tarin littattafan da Alphonse Mingana ya tattara da kuɗin Edward Cadbury mai kamfanin cakulan. Shi Mingana kuwa ra'ayinsa shi ne ba a tara Alƙur'ani ba sai zamanin Abdul Malik ɗan Marwan. A 1977 wani masani, John Wansbrough, ya ƙara tura lokacin zuwa kusan shekara 200 bayan Hijira. Riwayar Musulmi, cewa tun zamanin Sayyidina Usman aka daidaita Mus'hafi, ba ta gamsar da su ba, sai an kawo shaidar da hannu zai taɓa.

Wadda ta fara gano bakin zaren ita ce Alba Fedeli, lokacin tana binciken digirinta na uku. Ta ƙura wa rubutun ido, ta ga ba hannu ɗaya ba ne da na sauran warƙoƙin: haruffan a kishingiɗe suke zuwa dama, ɗigo jefi-jefi, wato tsohon rubutun Hijaz. To daga ina suka fito? Sai aka iske 'yan'uwansu a babban ɗakin karatu na Faransa da ke Faris, waɗanda asalinsu masallacin Amru ɗan Asi ne a Fusɗaɗ ta Masar.

Saura shekaru. Aka gwada fatar da gwajin kabon a Oxford, a 2015 sakamako ya fito: tsakanin 568 da 645 Miladiyya, da tabbacin kashi 95.4 cikin ɗari.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Jiya ana cewa Alƙur'ani ya makara, sai ga wasu sun riƙe 568 suna cewa ƙila ma ya girmi Annabi (SAW). Ko ta ina, a ƙaryata riwayar dai. Alhali kabon ranar mutuwar dabbar yake kirdado, ba ranar da alƙalami ya hau fatar ba, ƙarshen kirdadon kuma ya taɓo halifancin Sayyidina Usman, wanda ya fara a 644. Masana Turawa irin su Nicolai Sinai sun karkata ga cewa tun wancan zamani nassin ya daidaita.

Da aka jera ayoyin da na Mus'hafin da ke hannunmu, sun zo bi da bi, sai ɗan bambanci a ƙa'idar rubutu, kamar wajen alifi.