IDAN GABAN KAT-KAT YA FARA ƘARA, A SAURARA KAFIN A YI LODI

Manoma da makiyaya, kowa ya san amfanin motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira kat-kat. Inda kwalta ta ƙare, ita ke ɗaukar hatsi da bisashe zuwa kasuwannin Dakwaro, Abalak da Tanut. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. An sa mata wannan suna don ƙafafunta huɗu duka suna iya ja.

Da yawa cikin waɗannan motoci sun tsufa. Toyota ta fito da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, kuma Hilux mai ja da ƙafa huɗu ta fito tun 1979. Tsohuwar mota ba ta cika lalacewa rana ɗaya ba. Takan yi gargaɗi tukuna, da ƙara ko da rawa. Gaban mota kuwa nan ne sitiyari yake, nan ne kuma mafi yawan ƙarfin birki. In ƙafar gaba ta fita ana cikin gudu, rayukan mutane ne a ciki.

LOKACIN ƘARAR SHI KE NUNA CIWON

Makanike na kirki yakan fara da tambaya: yaushe ƙarar take zuwa? Direba da karen mota da mai mota su riƙe waɗannan alamu shida.

1. Sitiyari yana rawa idan gudu ya kai wajen kilomita 80 ko 100, in an rage sai ya daina. Galibi taya ce. Ko laka ta bushe cikin ƙarfen taya ta yi nauyi gefe guda, ko ƙarfen ya lanƙwashe, ko tayar ta yi ƙari.

2. Ana jin gurnani kamar na dutsen niƙa, yana ƙaruwa da gudu, yana sake murya in an karkata dama ko hagu. Wannan boris ne, wanda wasu ke kira rulma. Shi ne zoben ƙarfe mai ƴaƴa da ƙafa ke juyawa a kansa.

3. Ana jin ƙas-ƙas-ƙas wajen shan kwana, lokacin da ƙafa huɗu ke ja. Wannan gaɓar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafar gaba ce ta cinye. Tana ɓoye cikin dunƙulen ƙarfen nan mai kama da ƙwarya, a bayan taya.

4. Ana jin gwaram-gwaram a rami ko a gargada. A duba robobin sifirin, da ƙarafunan da suka ɗaure sifirin a jikin gindin gaba, da shokazoba. Wani lokaci ganyen sifirin ɗaya ne ya karye.

5. Rawar ba ta zuwa sai an taka birki. Farantin birki ne ya karkace, sau da yawa saboda zafi.

6. An faɗa rami, sai sitiyari ya kama kaɗawa da ƙarfi, kamar zai ƙwace daga hannu. Wannan ita ce mafi haɗari. Kada a danna birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari, a rage gudu sannu-sannu, a tsaya. Gaɓoɓin sandunan sitiyari ko boris na wuyan ƙafa sun saki. Wasu sukan sake ƙaramin shokazoba na sitiyari su ce an gyara. Wannan rufe ciwo ne, ba magani ba.

A FARA DA ABIN DA BA YA CIN KUƊI

Kafin a sayi ko da noti ɗaya, a kewaya motar. A gwada notocin taya ɗaya bayan ɗaya. A kankare busasshiyar laka. A shafa taya da hannu, a ji ko ta yi ƙari, ko ta cinye gefe guda. A gwada iska. Direbobi sukan rage iska don ratsa rairayi, kuma dabara ce mai kyau. Amma in an hau kwalta ba a mayar da iskar ba, taya takan yi zafi ta lalace.

Bayan tafiya, a kai hannu kusa da cibiyar ƙafar dama, sa'an nan ta hagu, da hankali. In ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, boris ne ko birki ke kamawa.

GWAJIN JAK

A tsai da mota wuri mai tauri. A sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. In rairayi ne, a shimfiɗa katako ƙarƙashin jak. A ɗaga ƙafa guda, a tokare motar da kututture mai ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kama taya sama da ƙasa, a girgiza. In tana motsi, wani ya taka birki, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris na ƙafa ne. In yana nan, boris na wuyan ƙafa ne. Daga nan a kama taya dama da hagu, a girgiza. In da sako-sako, a dubi gaɓoɓin sandunan sitiyari, za a ga wadda ke wasa.

GWAJIN MAKULLIN ƘAFA

Yawancin waɗannan motoci suna da makulli a cibiyar ƙafar gaba. An rubuta FREE wajen buɗewa, LOCK wajen kullewa. A buɗe duka biyu, a mai da ƙaramin giya kan H2, a yi ƴar tafiya. Yanzu ƙarafunan da ke jan gaba suna hutawa. In ƙarar ta tafi, ciwon yana cikinsu, wato kardan na gaba, ko haƙoran tsakiyar gindin gaba, ko gaɓar nan ta bayan taya. In tana nan, a koma ga taya, boris, birki da sitiyari. Wannan gwaji kyauta ne, kuma yana hana a kwance rabin mota a banza.

ABIN DA KE KAWO CIWON

Na farko ruwa. Da damana, in mota ta ratsa gulbin Maraɗi ko gulbin Kaba ko wata ƙorama, ruwa da yashi sukan shiga boris su ɓata giris. In an ga baƙin mai yana zuba daga dunƙulen bayan taya, robar da ke raba mai da giris ta mutu. A gyara da wuri.

Na biyu tafiya da ƙafa huɗu kan kwalta. Waɗannan motoci ba a yi su don haka ba. A rairayi taya tana iya zamewa kaɗan, a kwalta ba ta iyawa, sai ƙarafuna su murɗe. Wanda ya fito daga daji ya hau babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ko ta Tawa zuwa Agadas, ya koma H2. Amma kowane wata a kulle makullan a yi ƴan kilomita, don mai ya zagaya.

Na uku lodi fiye da kima ranar kasuwa. Nauyi ya danne baya, gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kamun ƙasa.

FASINJA MA YANA DA BAKI

Kai da ka biya kuɗin mota, in ka ji gurnani ko ka ga ƙafa tana rawa, faɗa wa direba. Ba rashin kunya ba ne. Kai kuma direba, kada ka ce a bari sai an dawo daga kasuwa. Boris ɗaya da giris kuɗinsu kaɗan ne. In boris ya ƙone a hanya, yakan cinye ƙarfen da yake zaune a kai, gyara ya ninka, mota ta kwana a daji da kaya da mutane. Hausawa sun ce da mugunyar rawa, gwamma ƙin tashi.