Ɗan wasa a gidan wani: me ya sa bai kamata koci ya zama mai masauki ba

Duk lokacin da aka fara shirin wata gasa, ko aka koma makaranta bayan dogon hutu, akwai roƙon da kan zagaya gidajen Tunga da Bosso da Kpakungu. Koci ne zai yi sallama da magidanci bayan isha'i, ya ce, "Alhaji, akwai wani yaro daga Kontagora, ya iya gora ƙwarai, amma ba shi da kowa a Minna. A taimaka masa da wurin kwana zuwa ƙarshen gasa." Kashegari maganar ta isa majalisa, a rabu biyu. Wasu su ce ɗa na kowa ne, ko almajiri ana ba shi zaure. Wasu su ce zamani ya lalace, ba a shigo da saurayin da ba a san asalinsa ba gida mai 'yan mata, ga shaye-shaye, ga ɗauke-ɗauken waya. In gardama ta yi tsawo, sai wani dattijo ya kashe ta da abin da kowa ke ɗauka hikima ce: "To shi kocin me ya hana ya ajiye shi a wajensa? Ai shi ya san shi."

Wannan ta ƙarshen ita ce mafi haɗari a cikin ukun, kuma ita ce ba a taɓa musawa.

Batun ba baƙo ba ne a Minna. Garin yana da suna a ƙwallon gora, wato hoki, domin Niger Flickers ta daɗe cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, ta kuma sha wakiltar Najeriya a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka. A ƙwallon ƙafa ga Niger Tornadoes, wadda ta doke Enugu Rangers ta ɗauki kofin ƙalubale a 2000. Inda ake irin wannan suna, yara za su biyo shi daga Bida da Suleja da Kontagora da ƙauyukan da ke tsakani. Da can makarantar kwana ce ke raba gardama: yaro ya kwana a ɗakin ɗalibai, ya ci a ɗakin cin abinci, da la'asar malamin wasanni ya fitar da su fili. Amma tun daga 17 ga Fabrairu 2021, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 27 a Kwalejin Kimiyya ta Kagara, aka rufe makarantun kwana a ƙananan hukumomin Rafi da Shiroro da Munya da Mariga, iyaye da yawa kuma suka janye jiki daga makarantar kwana ko ina take. Nauyin da makaranta ta sauke, gidajen mutane ya faɗa wa.

Gasar ƙungiyoyin hoki a nan galibi a dunƙule ake buga ta, a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya na 'yan kwanaki. Haka ma Gasar Matasa ta Ƙasa, wadda aka fara a Abuja a 2013, ta yi shekaru a Jami'ar Ilori, sannan ta koma Asaba. Kwanakin gasar ba su ne matsala ba, don akwai masaukin hukuma. Matsalar tana cikin watannin atisaye da ke gabanta, lokacin da yaro ɗan shekara 14 ko 15 yake zaune a garin da ba nasa ba, ba wanda ya rubuta inda yake kwana.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka daɗe da tsarin sauke 'yan wasa a gidajen mutane ita ce Kanada, inda ake buga gorar a kan ƙanƙara. Babbar gasar matasansu tana da ƙungiyoyi kusan 60, 'yan wasan kuma tsakanin shekara 16 ne zuwa 20. Yawancinsu ba 'yan garin da suke bugawa ba ne, don haka daga Satumba zuwa Maris, ko har Mayu in ƙungiya ta yi nisa, a gidajen mutanen gari suke zama. Ƙungiya tana ba uwar gida kuɗin cefane duk wata, akwai lokacin da dole yaro ya kasance a gida da dare, akwai kuma wanda aikinsa shi ne zagaya gidajen. Wayne Gretzky, wanda suke ɗauka gwanin gwanayensu, yana ɗan shekara 14 ya bar garinsu Brantford ya koma gidan wasu mutane a Toronto. Zumuncin da ke ƙulluwa kuwa na gaske ne. Ranar 6 ga Afrilu 2018, da babbar mota ta yi karo da bas ɗin ƙungiyar Humboldt Broncos mutum 16 suka rasu, cikin waɗanda suka yi makoki har da masu masaukin yaran, waɗanda ba su haifa ba amma sun ciyar.

Sai dai ƙa'idojin nan ba haka kawai suka zo ba, sai da aka ji jiki. A Janairun 1997 aka ɗaure Graham James, tsohon kocin Swift Current Broncos, shekara uku da rabi saboda lalata da 'yan wasansa. Ɗaya daga cikinsu, Sheldon Kennedy, ya fito fili ya ce tun yana ɗan shekara 14 abin ya fara, kuma ya yi shekaru yana shiru. A Ingila ma haka: a 2016 tsohon ɗan ƙwallo Andy Woodward ya tona asirin Barry Bennell, tsohon kocin yara a Crewe Alexandra, wanda ya saba kwanar da yaran a gidansa da sunan taimako, iyayensu na godiya. A 2018 kotu ta yanke masa shekara 30. Wanda zai ce wannan halin Turawa ne, ya tuna da Mali, inda a 2021 'yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasa suka yi ƙarar kocinsu kan irin wannan, har aka kama shi.

Abin da ya haɗa labaran nan ba mugun hali kawai ba ne, tsari ne. Koci shi ke zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna a benci. Shi ke rubuta sunan da za a kai gasa. Sau da yawa shi ne kaɗai mai lambar uban yaron. In aka ƙara masa da gado da kwanon abinci, to duk abin da yaron yake da shi a duniya ya koma hannu ɗaya. Ranar da aka cuce shi, wa zai gaya wa? In ya buɗe baki ya rasa ƙungiya, ya rasa wurin kwana, ya koma gida da kunyar cewa bai yi nasara ba. Ba wani ɗan kasuwa a Tunga da zai ba mutum ɗaya mabuɗin shago da akwatin kuɗi da littafin lissafi, ya ce ai na san shi. Ba don yana zarginsa da sata ba, sai don in an yi ɓarna babu ta inda za a gane. Abin da ba mu yarda mu yi da buhun shinkafa ba, shi muke yi da ɗan mutum.

Ba cewa ake yi kociyoyinmu miyagu ne ba. Mafi yawansu daga aljihunsu suke saya wa yara gora da takalmi, wasu albashinsu ma ba ya isarsu. Raba masauki da koci kariya ce gare su su ma, domin wanda bai taɓa kaɗaita da yaro a ɗaki ba, ƙazafi ba ya samun wurin kama shi. Shi ya sa a Kanada yanzu ake koyar da kociyoyi kada babba ɗaya ya kaɗaita da ɗan wasa, sai da na biyu a wurin, kuma ƙungiyoyi kan binciki tarihin manyan da ke gidan da za a sauke yaro. Gidan mai masauki shi ne ido na biyu: wurin da yaro zai dawo da yamma, Hajiya ta dube shi ta ce, "Kai, lafiya kake kuwa? Yau kwana biyu ba ka cin abinci."

To amma gidan ma sai ya san abin da ya karɓa. Mun gaji riƙo, mun san ɗan riƙo, sai dai riƙon gargajiya yana da masu sa ido: gwaggo za ta leƙo, kawu zai tambaya, in an ga ba daidai ba dangi su karɓe ɗansu. Ɗan wasan da ya zo daga wani gari ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa cikin sauƙi yake komawa ɗan aike. Da asuba ya ɗebo ruwa, ya wanke mota, ya kai niƙa, ya tsare shago, har lokacin makaranta ya wuce, in ya yi magana a ce ba shi da godiya. Ya share ɗakinsa, ya wanke kwanonsa, ya yi abin da 'ya'yan gida ke yi, wannan tarbiyya ce. Abin da ya wuce haka biyan haya ne da jiki. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Neja ta yi tata tun da jimawa, tana ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, dokar hana fataucin mutane ta 2015 da hukumar NAPTIP ke aiki da ita kuma ta haramta sa yaro aikin da zai cutar da girmansa.

Sai abinci, wanda shi ne ke fara ɓata zumunci. Yaron da ke girma kuma yake gudu awa biyu a rana ba ya ƙoshi da kason sauran yara. In ba a yi maganar kuɗin cefane tun farko ba, wata na biyu uwar gida za ta fara ƙorafi, shi kuma ya fara jin kunyar neman ƙari, ya tafi fili da yunwa. A zafin Maris da Afrilu na Minna, yunwa da ƙishirwa a fili ba abin wasa ba ne. A faɗi wanda zai biya, ko iyaye ko ƙungiya, da nawa, da ranar biya. Mai masaukin da ya karɓi yaro da lissafin cewa wata rana zai tafi Turai ya gina masa gida kuwa, gara ya haƙura tun yanzu, don hoki a Najeriya ba ta cika kai mutum ga dukiya ba. Abin da ta fi kai shi shi ne makaranta ko aikin ɗamara, kuma duka biyun sai da takardar sakandare. Gidan da ya bar yaro ya daina zuwa aji saboda atisaye ya yanke masa hanyar da ta fi tabbas.

Lafiya ma tana bukatar magana tun ranar farko. Likitocin barci sun ce matashi ɗan 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, don haka ɗakin da samari ke kallon ƙwallo har ƙarfe ɗaya bai dace da shi ba. A ba shi gidan sauro. A tambayi iyayensa ko yana da asma ko sikila ko wani magani da yake sha. Ƙwallon gora tauri gare ta, nauyinta kusan giram 160. Yaron da ta buga a ka, ya dawo yana amai ko jiri ko barcin da ba a saba gani ba, asibiti za a kai shi a daren, ba a shafa masa man zafi a ce da safe a gani ba. Wanda zai sa hannu in likita ya nema, da wanda zai biya, a san su tun kafin ranar.

Masu tsoron 'yan matansu ba su yi laifi ba, kuma maganinsa tsohon tsarin gidanmu ne: ɗakin zaure ko na waje ga saurayi, da iyakar da aka gaya masa a fili. Yarinya 'yar wasa kuwa sai gidan da babbar mace za ta riƙe ta a ɗakinta ko na 'ya'yanta mata. Minna gari ne na Gwari da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo, don haka zai yiwu Musulmi ya sauka a gidan Kirista ko akasin haka. Wanda ya karɓa ya karɓa har da sahur ɗinsa da Juma'arsa, ko cocinsa ranar Lahadi.

Duk wannan bai fi shafi ɗaya na takarda ba: sunan yaro da shekarunsa, lambar iyayensa, makarantarsa, ranar zuwa da ranar tafiya, kuɗin abinci, da sunan wani babba wanda ba koci ba, ba ɗan gidan ba, da yaron zai iya kira. Mai unguwa ya shaida, uban yaro ya zo da ƙafarsa ya ga ɗakin. Ma'aikatar wasanni da ƙungiyar hoki ta jiha sun iya tara sunayen yara in za a tafi gasa, har da hotuna da takardun haihuwa. Ƙara layi ɗaya da ke cewa a gidan wa kowane yaro yake kwana ba ya bukatar kwangila ko kasafin kuɗi, wataƙila ma shi ya sa ba a ɗokinsa. Kafin su waiwayo, magidancin da aka roƙa yana da amsa ta uku bayan "to" da "a'a": ya ce zai karɓa, amma sai ya yi magana da uban yaron, kuma sai an rubuta.