Injinan da ke dafa wa karnukan Amurka abinci

A shekarar 2020 kamfanin Purina ya sanar da cewa zai kashe dala miliyan 450 don mayar da wata tsohuwar masana'antar giya a garin Eden, jihar Karolina ta Arewa, wurin yin abincin karnuka da kyanwoyi. Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai riƙe baki, amma a Amurka kare da mage 'yan gida ne, cefanensu kuma babbar kasuwa ce.

Busasshen abincin nan mai ƙwaya-ƙwaya ya samu karɓuwa ne tun 1957, lokacin da Purina ya baza Dog Chow a kantuna. Ana niƙa masara ko shinkafa da garin nama, a jiƙa da tururi, a tura cikin wani dogon bututu mai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa yana matsawa. Zafi da matsi su dafa ƙullun, ya fito ta ƙananan huda, wuƙa na yanka shi, ya kumbura nan take. Masu kiwon tarwada a ƙasarmu sun san 'ya'yan wannan inji, domin shi ke yin abincin kifi mai yawo a kan ruwa.

A wajen busar da ƙwayar ake gane amfanin kwamfuta. Bayan busarwa, danshin ƙwayar bai kamata ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Ya yi yawa, ta yi fumfuna a buhu. Ya yi kaɗan, an ƙona gas a banza, nauyi ya ragu. A da ma'aikaci ne ke ɗiban samfuri ya kai gwaji, kafin sakamako ya dawo an riga an ɓata kaya da yawa. Yanzu na'urar auna danshi tana kan layin, tana gyara zafin tanda da kanta.

Sau da yawa kuma cikas yana can ƙarshen layi, inda ake cika buhu, a liƙe, a jera. Inji ba ya gajiya, amma bayan ɗan Adam yana ciwo. Hannun mutum-mutumi da ke ɗora buhuna dare da rana yakan ƙara yawan kaya ba tare da an gina sabon zaure ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne rajista. A 2007 sinadarin melamin da aka cakuɗa cikin kayan alkama daga Sin ya kashe dabbobi a Amurka, aka janye kaya birjik. Masana'antar da kwamfutarta ke rubuta kowace mota da ta shigo da kowane buhu da ya fita za ta gano gurɓataccen rukunin kaya cikin sa'o'i.

Wanda ke damuna shi ne mai jera buhun. Aikin da ya rage na mai karanta allo ne da mai gyaran lantarki, kuma sai kamfani ya ɗauki nauyin koya masa kafin ya zauna a wannan kujera.