Labarin Quasimoto, Mawaƙin Da Ba A Taɓa Ganin Fuskarsa Ba

A ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani gari a bakin teku da ake kira Oxnard. Nan aka haifi Otis Jackson ƙarami a shekarar 1973, wanda duniya ta fi sani da laƙabinsa na Madlib. Gidansu kuwa gidan kiɗa ne. Ubansa mawaƙi ne, kawunsa Jon Faddis mashahurin mabushin begila ne a kiɗan jaz, watau kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙago a birnin New Orleans. Saboda haka yaron ya tashi a tsakiyar fayafayan garmaho, kamar yadda ɗan malami ke tashi a tsakiyar littattafai.

Sana'ar da ya koya ita ce gambarar zamani, wadda Turawa ke ce wa rap. Amma shi ba ya tara makaɗa. Sai ya bi shagunan tsofaffin fayafayai yana tono waɗanda aka manta da su, ya yanko ɗan guntun ganga daga wannan, ɗan guntun busa daga wancan, ya ɗinka su da na'ura har su zama kiɗa sabo, tamkar maɗinki mai haɗa riga da ƙyallaye.

To, abin da ya dame shi shi ne muryarsa, domin tana da kauri ƙwarai, ba ya son jin ta. Sai ya yi dabara. Ya rage gudun rikoda, ya rera waƙa a hankali, sa'an nan ya mayar da ita gudunta na asali. Nan da nan murya ta fito siririya kamar ta aljani. Ya raɗa wa mai muryar suna Quasimoto, ya mai da shi shaƙiyyi mai faɗin abin da shi kansa ba zai iya faɗi ba. Da farko don kansa yake yi, har mai kamfanin Stones Throw, wanda ake wa laƙabi da Peanut Butter Wolf, ya ji, ya matsa masa a fitar. A shekarar 2000 faifan ya fito da sunan The Unseen, ma'anarsa wanda ba a gani, da waƙoƙi 24 a ciki.

Wanda ya saurare shi zai ji kamar mafarki yake yi. Madlib da Quasimoto suna musayar magana, alhali mutum ɗaya ne. Kiɗa yakan yanke ba sallama, wani ya shigo. Akan ji muryar Melvin Van Peebles mai shirya fim tana kutsowa, akan ji kuma kiɗan da Alain Goraguer ya yi wa wani fim na Faransa a 1973. Shi Madlib da bakinsa ya ce lokacin aikin yana cin wani naman kaza mai juya hankali, wannan kuwa ba abin koyi ba ne. Daga baya masu zane suka ba Quasimoto siffar wata dabba rawaya mai dogon hanci, riƙe da tubali.

Sai dai akwai mas'ala a nan wadda ta shafi malami da ɗan kasuwa baki ɗaya. Shin wanda ya yanki guntun aikin wani ya gina nasa, ɓarawo ne ko kuwa mai raya gado? A shekarar 1991 wani alƙali a birnin New York ya yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie, wanda ya ɗauki kiɗan Gilbert O'Sullivan ba da izni ba. Tun daga nan ya zama tilas manyan kamfanoni su nemi izni su biya. Haƙƙin mai abu dai ba ya saurin faɗuwa don abin ya tsufa. Amma kuma faifan da ya shekara talatin a cikin ƙura, wa zai ji shi in ba a tono shi ba? A waƙar Jazz Cats, Madlib ya yi ta jera sunayen magabatan makaɗan jaz, kamar almajiri mai ambaton silsilar malamansa, matasa da yawa kuwa ta nan suka san su. Har ma a 2003 kamfanin jaz na Blue Note ya buɗe masa taskarsa da yardar kansa, ya fitar da faifan Shades of Blue.

Quasimoto ya sake fitowa a 2005 da 2013. A watan Janairu na 2025 kuwa, gobarar dajin da ta auka wa yankin Los Anjalis ta cinye gidan Madlib, tare da na'urori da kiɗe-kiɗen da ya daɗe yana tarawa. Abin da ya adana a ɗaki ya tafi, abin da ya fitar wa jama'a shi ya saura. Mai tarin littattafai a adaka, sai ya duba wannan.