Shimfiɗar Faifai da Ƙurar Hunturu

A wasu gidajen cikin ganuwar Kano har gobe akwai adakar da aka killace faya-fayan Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos a cikinta. In an tashi raya tsohuwar garmaho, sai a nemo allura, a gyara sifika, a manta da shimfiɗar da ke tsakanin faifai da farantin da ke juya shi. Ita kuwa ke riƙe faifan kada ya zame, ta kuma shanye girgizar inji kafin ta kai ga allura.

Galibin sababbin garmaho da shimfiɗar ulu suke zuwa. A ƙasar da iska ke da laima babu laifi, amma ban da Kano daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Busasshiyar iskar hunturu na tara lantarki a jikin faifai, irin wanda ke sa rigar leda ƙas-ƙas in za a tuɓe ta. Ka ɗaga faifan sai ulun ya biyo shi, ƙurar da ya kwasa kuma ta shige layukan waƙar, Shata na rerawa ana jin tsartsatsi. Ta roba ta fi kashe girgiza, sai dai zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, sannu a hankali yakan busar da ita ta tsattsage.

Ni dai fata na zaɓa, don ba ta tara lantarkin kamar ulu, ga shi kuma abin gida ne. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) take ci, dukawa ba su taɓa yanke mata ba. Je wa baduku da awonka: faɗi ɗan ƙasa da santimita 30, hudar tsakiya milimita 7 da ɗoriya, kauri milimita 2 zuwa 3. Ka ce masa ya yanko daga gadon baya, inda kaurin ya daidaita. Jimammiya kake so wadda ba a rina ba, kuma ba ta sha mai ba, kada ta ɓata faifan.

Kaurin nan ba abin wasa ba ne. Ɗora faifai, ka duƙa ka hango hannun allura daga gefe. In gabansa ya ɗago sama, shimfiɗar ta yi kauri, allura ta karkace a cikin layi, amo zai dushe.

Tsohuwar garmaho ta wani da hannu, mai cin faifan 78 da allurar ƙarfe, a bar mata ƙyallenta na asali, goge shi kawai za a riƙa yi.