Zaman 'Ya'ya: Rabi da Ire-irenta

 

Yawancin littattafanmu na soyayya suna ƙarewa ne daren da aka kai amarya. Shirinmu na yau zai leƙa gidan bayan shekara 20, lokacin da 'ya'ya suka cika tsakar gida, hirar miji da mata kuma ta koma ta cefane kaɗai.

A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne. Ita kanta tana 'yar shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren kuma bai yi ƙarko ba. Ta san abin da take rubutawa.

A littafin, Rabi uwargida ce mai 'ya'ya 9. Maigidanta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da hali, amma gidansa cikin ƙunci yake, don kuɗin wurin Delu suke tafiya, wata matar bariki. Ya auro ta, rigima ta tashi, ya kori Rabi da 'ya'yan. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe su, har ta aurar da 'yarta Saudatu. Da gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delu ta juya masa baya, sai aka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma.

Nan ne labarin ya fi ci mini rai. An duba 'ya'ya, an duba mutuncin dangi, an tausaya wa Alhaji. Zuciyar Rabi fa, wa ya duba ta? Mun san amsar da irinta ke bayarwa a gidajenmu in an ce yaya gida: "Zaman 'ya'ya nake yi." Tana tuƙa tuwo, tana zuwa biki da suna, maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari ran Alhamis ta yi masa sannu da zuwa, amma rabon da su zauna su yi dariya tare ta manta. Shi ma sau da yawa kaɗaicin na cin sa, sai ya nemi maganinsa a majalisa ko a sabon aure, ɗakin uwargida kuwa bai ko tuna da shi ba.

A Senegal ma Mariama Bâ ta rubuta irin wannan ciwo a 1979: Ramatoulaye tana cikin takaba, tana zayyana wa aminiyarta yadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya ƙaurace mata. Littafin Hajiya Balaraba kuwa Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci, aka buga a Indiya a 2012, har baƙi suka san Rabi. Mu da muke gida ɗaya da ita, mun fi su bashin tambayar lafiyar zuciyarta.