Falash Mura: Jikokin Yahudawan Habasha Da Ake Jayayya Kan Asalinsu

A Arewacin Nijeriya in an ce 'yan mishan, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne Turawan da suka kafa asibiti a Wusasa, ko waɗanda suka shiga ƙasar Kontagora da Zuru suna wa'azi a tsakanin Kambari da Dakarkari. Ba kowa ya san cewa akwai ƙungiyoyin mishan da aka kafa musamman domin Yahudawa ba. Ɗaya daga cikinsu an kafa ta a Landan a 1809, kuma aikin da ta yi a Habasha ya bar baya da ƙura har yau.

A dā, a duwatsun arewacin Habasha, wajen Gondar, akwai wasu mutane da ke kiran kansu Beta Isra'ila, maƙwabtansu kuma na ce musu Falasha, sunan da ba sa so. Suna kiyaye Asabar, suna bin Attaura. An daɗe da hana su mallakar gona, saboda haka suka koma ƙira da saƙa da ginin tukwane, ana kallon su a matsayin ƙasƙantattu.

A 1860 ƙungiyar Landan ta aika musu da Henry Aaron Stern, wanda shi kansa Bayahuden Jamus ne da ya zama Kirista. Bai daɗe ba ya saɓa da Sarki Tewodros, wanda ya ɗaure shi a 1863 bayan an sanar da shi abin da ya rubuta a kansa cikin littafinsa. Sai da Ingila ta turo runduna zuwa Magdala a 1868 aka saki Stern da sauran Turawan da ke tsare, sarkin kuwa ya harbe kansa don kada a kama shi.

Waɗanda suka tuba a hannun mishan ba su da yawa da farko. Yunwar da aka yi daga 1888 zuwa 1892 da kwaɗayin samun gona su suka ƙara tura wasu cikin coci. To amma tubar ba ta raba su da tabon asali ba: Kiristocin Amhara ba su cika ba su aure ba, danginsu na dā kuwa sun guje su. Jikokin waɗannan ne ake kira Falash Mura.

Maganar ta ɗauki sabon salo bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Dokar Komowa ta 1950 ta ba kowane Bayahude damar zama ɗan ƙasa, amma ba ta faɗi wane ne Bayahude ba. Sai ga Oswald Rufeisen, Bayahuden Poland da ya tsira daga 'yan Nazi, ya zama limamin Katolika, ya nemi haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar. A shari'ar addinin Yahudu, wanda uwarsa Bayahudiya ce Bayahude ne ko da ya yi ridda. Duk da haka Kotun Ƙoli ta ƙi shi a 1962. A 1970 aka gyara dokar ta ce Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa ko ya shiga addinin, muddin ba ya bin wani addini dabam.

Su kansu Beta Isra'ila sai a 1973 babban malami Ovadia Yosef ya yi fatawa cewa Yahudawa ne, gwamnati ta amince a 1975. Dubbansu suka taka a ƙasa zuwa sansanonin da ke wajen Gadarif a Sudan, yankin da Hausawa jikokin mahajjata suka daɗe da zama, da yawa suka mutu a hanya. Daga Nuwamba 1984 zuwa Janairu 1985 aka kwashe kimanin 8,000 ta Khartum a asirce. A Mayu 1991 kuma aka ɗebe fiye da 14,000 daga Addis Ababa cikin sa'a 36. Falash Mura da suka taru a birnin aka bar su a baya, domin a idon doka Kiristoci ne.

Nan ne gardamar ta yi zafi. Masu goyon bayansu na cewa wuya ce ta sa kakanninsu tuba. Masu suka, har da wasu Yahudawan Habasha da suka riga su isa, na cewa talauci suke gudu, kuma duk wanda aka ɗauka sai ya nemi a kawo danginsa. Gwamnatoci sun yi ta cewa an rufe ƙofa, su sake buɗewa; a 2015 ma an amince a kawo wasu kimanin 9,000. Ba a shigar da su ta Dokar Komowa, sai ta hanyar haɗa iyali, kuma sai sun sake shiga addinin Yahudu a hannun malamai kafin su zama cikakkun 'yan ƙasa. Wannan tsari ya raba gidaje da dama, uwa tana Isra'ila, ɗanta yana Gondar yana jiran a kira sunansa.